Babban jirgi, dahabiyya, faluka ko mota: da wanne za ka ga haikalan bakin Nilu?

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Masar a Alƙahira suke tsayawa. Wani karatu ne ya kai shi Azhar, wani ya rako mara lafiya asibiti, wani sarin kaya ya je. In an samu sarari sai a leƙa dalar Giza a ɗauki hoto, a dawo gida a ce an ga Masar. Alhali manyan gidajen bautar mutanen da, waɗanda Larabawa ke ce wa ma'abad, mu kuma haikali, suna can kudu, jere a gaɓar kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, tazarar kilomita 220 ko kusa da haka. Duk wanda ya yi niyyar zuwa can, dillalan yawon buɗe ido za su tare shi da hotunan ɗakuna da teburan abinci. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, jirgin ruwan da ka zaɓa shi zai yanke maka ƙarfe nawa za ka isa haikali, minti nawa za ka yi a ciki, da kuma yawan jama'ar da za ka tarar a bakin ƙofa. A ganina da wannan ya kamata a auna, kafin a zo maganar laushin katifa.

Abin da ke kan hanya

A Luksor akwai haikalin Karnak, mai zauren nan na ginshiƙai 134, da haikalin Luksor wanda masallacin Abul Hajjaj ke zaune a kan wani sashe nasa, har yau ana salla a ciki. Titin gumakan da ya haɗa su biyun, mai tsawon kusan kilomita 3, an sake buɗe shi a Nuwamban 2021. A tsallaken kogi kuma ga Kwarin Sarakuna, inda kaburburan Fir'aunoni suke, da haikalin sarauniya Hatshepsut. Waɗannan kowa zai gan su ko da me ya zo, domin a gari suke. Haka ma haikalin Fila a Aswan, wanda aka kwance shi dutse-dutse aka mayar tsibirin Agilkiya tsakanin 1972 da 1980 saboda ruwa ya cinye mazauninsa na asali. Ƙaramin jirgi mai inji ake shiga a je.

Inda zaɓi ke da tasiri shi ne tsakiyar hanya: Esna, Edfu, Jabal Silsila da Kom Ombo. Edfu ne babba a cikinsu. An aza harsashinsa a shekarar 237 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka kammala a shekarar 57, wato aikin shekara 180, a zamanin sarakunan Batlamus, jinin Girkawa da suka mulki Masar da sarautar Fir'auna. Rairayi da gidajen mutane sun binne shi ƙarni da ƙarni har zuwa shekarun 1860 da aka tone shi, shi ya sa rufinsa da bangayensa suka tsira. Kom Ombo kuwa haikali biyu ne a gini ɗaya, ɓari na gunki Sobek mai kan kada, ɓari na gunki Horus mai kan shaho, kuma a bakin ruwa yake, daga jirgi da ƙafa ake takawa.

Ma'aunin da na bi

Na farko kuɗi, amma kuɗin gaskiya, har da abin da ba a rubuta a takardar talla ba: tikitin shiga, ruwan sha, ɗan jagora, da bakshish, wato na-goro, wanda a Masar ya zama tamkar haraji. Ban kawo farashi da fam ɗin Masar ba, don tun da aka karya darajarsa a Maris ɗin 2024, ya tashi daga kusan fam 31 a dala ɗaya zuwa wajen 50, kuɗin tikiti sai hawa yake yi, jiragen kuma akasari da dala suke ciniki. Na biyu lokacin da ake samu a cikin haikali. Na uku sauƙi ga jiki, musamman in akwai dattijo, mai ciki ko ƙananan yara. Na huɗu lafiyar abin hawan da haɗarin da ke tattare da shi. Na biyar kuma, wanda littattafan Turawa ba sa lissafawa, natsuwar mutum da addininsa: wurin alwala da salla, giya, kiɗa, da cakuɗuwar maza da mata.

Akwai wanda zai ce me ma ya kai Musulmi gidan gumaka. Malamai sun yi magana a kai. Masu ganin babu laifi suna kafa hujja da ayoyin da suka yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, masu tsantseni kuma suna kawo hadisin wucewar Annabi (SAW) ta gidajen Samudawa. Wannan ka warware ta da malaminka tun kafin ka biya kuɗi.

Babban jirgi

Otal ne a kan ruwa, hawa huɗu ko biyar, ɗakuna hamsin zuwa saba'in, kowanne da banɗakinsa da na'urar sanyaya ɗaki. Daga Luksor zuwa Aswan dare huɗu ake yi saboda ana gaba da ruwa, daga Aswan zuwa Luksor dare uku. Kada lissafin dararen ya ruɗe ka: daren farko da na ƙarshe a ɗaure jirgin yake a tasha, tafiyar kanta ba ta cika wuce yini biyu ba.

Ta fuskar kuɗi shi ne tsaka-tsaki, kuma in ka haɗa kwana da abinci sau uku da sufuri da ɗan jagora, da wuya ka samu haɗin da ya fi shi araha ga mai iyali. Sai dai ka tambaya a rubuce ko tikitin shiga haikalai yana ciki, domin nan ne ake yawan samun saɓani. Abin sha kusan kullum daban ake biya, har ruwan gora, kuma a ranar sauka za a miƙo maka ambulan na bakshish ɗin ma'aikata.

Matsalarsa ita ce ayari. Jiragen da yawa rana ɗaya suke tashi, tare suke yin layi a mashigar Esna, inda ake rufe jirgi tsakanin ƙofofi biyu a ɗaga ruwa ko a sauke shi kafin ya wuce, tare kuma suke isa Edfu. Za a tashe ka da asuba, ka fito ka tarar da kekunan doki, waɗanda suke kira hantur, cike da bakin tasha, direbobi na ta ihu suna jan hannun mutane. Wasu dawakan abin tausayi ne, ƙashi da fata, kuma ana zabga musu bulala don a yi sawu da yawa. In kamfaninka yana da mota ko keke mai ƙafa uku, zaɓi wannan. A haikalin za ka samu awa ɗaya ko ɗaya da rabi, rabinta ta tafi a bin ɗan jagora da jiran layin hoto a gaban gunkin shahon dutse da ke farfajiya.

Wannan ne ke ba ni takaici, don Edfu ba wurin gaggawa ba ne. Ƙofarsa kaɗai tsayinta ya kai mita 36. In ka shige ciki haske yana raguwa daga zaure zuwa zaure har ka isa ƙuryar da aka ajiye akwatin dutse na zamanin Fir'auna Nektanebo na Biyu, wanda ya girmi ginin kansa. Ka ɗaga kai ka ga rufin ya yi baƙi da hayaƙin mutanen da suka zauna a ciki bayan an daina bauta, ka duba bango ka ga fuskokin gumaka da aka bi da kurfi aka farfasa. A gefe akwai wani ɗan ɗaki da aka cika bangonsa da rubutun yadda ake haɗa turare da man shafawa, abin da za a zuba da gwargwadonsa. Duk macen da ta san harkar turaren wuta da humra za ta so ta daɗe a nan. Mai awa ɗaya ba ya kaiwa gare shi sai in ya ɓalle daga ayari.

A Kom Ombo kuwa babban jirgi bai yi laifi ba. Da yamma ake isa, rana ta yi sanyi, an kunna fitilu, kuma haikalin ƙarami ne, awa ɗaya ta isa a ga zanen kayan aikin likita da ke bangon baya, rijiyar auna cikar kogi, da gidan tarihin da aka jera busassun gawarwakin kadoji.

Wajen sauƙi babu na biyunsa. Kaya sau ɗaya ake kwancewa, dattijon da ya gaji zai iya zama a ɗaki. Abu ɗaya za a lura: jiragen gefe da gefe suke ɗaurewa, wani lokaci sai ka ratsa ta cikin uku ko huɗu kafin ka taka ƙasa, tagarka kuma tana kallon tagar wani, ga ƙarar janareto da warin gas. Kada ka dogara da yawan taurarin da aka rubuta, domin jirgin da aka gyara bara da wanda ya shekara goma sha biyar ba a taɓa shi ba duk taurari biyar suke da'awa. Ka tambayi sunan jirgin da shekarar da aka yi masa gyara na ƙarshe, ka nemi hotunan da fasinjoji suka ɗauka da kansu. Ciwon da ya fi kama mutane shi ne gudawa, don haka a kiyayi ɗanyen ganye da ƙanƙara. Nama na halal ne, amma akwai mashaya, akwai daren rawa, saman jirgi kuma wurin wanka ne da shan hantsin Turawa. Mai iyali zai iya kauce wa duk wannan, ya yi sallarsa a ɗaki, sai dai ya san da shi tun daga gida.

Dahabiyya

Jirgin katako ne ko na ƙarfe mai manyan ƙyallayen iska biyu, irin wanda masu hali suke hawa a ƙarni na 19, ɗakunansa daga huɗu zuwa goma. A Nilu iska daga arewa take busowa, ruwa kuma arewa yake gangarawa, shi ya sa tun zamanin Fir'auna ake hawa kudu da iska a dawo da igiyar ruwa. Dahabiyya a kan wannan tsari take tafiya, in iska ta ɗauke sai ƙaramin jirgi mai inji ya ja ta. Galibi daga Esna take tashi, an kawo ka da mota daga Luksor, kuma dare huɗu ko biyar ake yi zuwa Aswan.

Tsada ce aibinta. Ka sa ran ninki biyu na matsakaicin babban jirgi, ko fiye. Abin da kake saya da wannan kuɗi shi ne lokaci. Matuƙin yana iya jira sai ayarin manyan jirage ya watse kafin ya kai ku Edfu, ku shiga ku goma sha biyu maimakon ɗaruruwa. Kuma da yake ba ta da nauyi, tana tsayawa inda manyan ba sa tsayawa. Akwai haikalin gunki Khnum a Esna, wanda ke cikin rami kusan mita 9 ƙasa da titin kasuwa, wanda a 2018 masana na Masar da Jamus suka fara goge baƙin hayaƙin rufinsa, launukan asali suka fito kamar jiya aka shafa. Akwai kaburburan El Kab. Akwai Jabal Silsila, inda kogi ya tsuke tsakanin duwatsu, daga nan aka fasa dutsen da aka gina Karnak da Edfu da Kom Ombo, har yau ana ganin sawun kurfi a jikin dutsen da ɗan haikalin Fir'auna Horemheb da aka fafe a ciki. Wanda ya ga wurin nan kafin ya shiga haikali, kallon da zai yi wa ginshiƙai daban ne. Wasu kuma suna biyawa ta kasuwar raƙuma ta Daraw, inda ake kawo raƙuma daga Sudan.

Ɗakunan sun fi na babban jirgi ƙanƙanta, sauka kuma sau da yawa ta kan katako ne zuwa gaɓar ƙasa, wanda zai wahalar da mai ciwon gwiwa. Abinci a tebur ɗaya ake ci da sauran fasinjoji, in ba ku saba da haka ba zai yi muku nauyi. Amma in ku dangi ne ko abokai da za ku cika ta, ku ɗauke ta gaba ɗaya: ku ce ba giya, ku tsara lokacin abinci, ku yi jam'i a saman jirgi. Ban san wata hanya da ta kai wannan natsuwa ba.

Faluka

Ƙaramin jirgi ne mai ƙyallen iska ɗaya, an shimfiɗa katifu an yi rumfa, a nan ake zama, a nan ake ci, a nan ake kwana. Matuƙan akasari Nubawa ne. Daga Aswan ake tashi a gangara dare ɗaya ko biyu, a sauka wajen Daraw ko Kom Ombo, sannan mota ta ƙarasa da kai Edfu da Luksor. Shi ne mafi araha nesa ba kusa ba. Yawancinsu ba su da banɗaki sai an tsaya a gaɓa, ko da yake wasu suna tafiya da jirgin rakiya mai banɗaki. In iska ta ƙi, tsarin tafiya ya rushe. Dare a kan ruwa a watan Janairu sanyinsa ya kai na tsakiyar hunturu, ga sauro in an ɗaure kusa da gonaki. Za a ce maka ka faɗa ruwa ka yi iyo, ai babu kada a arewacin dam ɗin Aswan. Gaskiya ne kadoji suna can tafkin Nasir da ke bayan dam ɗin, amma tsargiya ba ta ƙare a Nilu ba, musamman inda ruwa ya kwanta. Ka tabbatar akwai rigar ceto kafin ka hau. Ga samari ɗalibai tafiya ce mai daɗi, ga mai mata da yara kuwa ban ba da shawara ba, sai dai yawon awa biyu da yamma a Aswan.

Mota da otal

Wannan ba tafiyar ruwa ba ce, amma dole a sa ta a sikeli. Ka kwana otal a Luksor, ka ɗauki shatar mota zuwa Aswan, ta tsaya maka a Edfu da Kom Ombo, yini ɗaya ya isa. Kai ke da lokacinka, kana iya yin awa uku a Edfu da hantsi bayan jirage sun tashi. Kuɗin da ka rage zai kai ka haikalan Dandara da Abidos a arewacin Luksor, waɗanda jiragen wannan hanya ba sa zuwa. Abin da za ka rasa shi ne kogin: gonakin rake, dabino, masunta, da kiran sallar magariba da ke tasowa daga ƙauyukan gaɓa biyu. Haɗarinsa na hanya ne, gudu da yawan tudun rage gudu, sai kuma ciniki da direba, wanda ya kamata a gama shi sarai kafin a tayar da mota.

| Ma'auni | Babban jirgi | Dahabiyya | Faluka | Mota da otal |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Matsakaici | Mafi tsada | Mafi araha | Ƙasa da babban jirgi, gwargwadon otal |
| Tsawon tafiya | Dare 3 ko 4 | Dare 4 ko 5 | Dare 1 ko 2, sai mota | Yini 1 a hanya |
| Lokaci a Edfu | Gajere, cikin cunkoso | Wadatacce | Gwargwadon direban mota | Yadda ka so |
| Esna da Silsila | Galibi wucewa ake yi | Ana tsayawa | Ba a kaiwa | Esna mai yiwuwa ne |
| Dattawa da yara | Ya fi dacewa | Da ɗan wahala | Bai dace ba | Akwai gajiyar zama |
| Babban haɗari | Tsohon jirgi, gudawa | Asarar kuɗi in an soke | Sanyi, tsargiya, rashin iska | Hatsarin hanya |
| Natsuwar addini | Sai an kauce wa wasu wurare | Cikakkiya in kun ɗauke ta duka | Babu sirri | A hannunka take |

Abubuwa biyu sun shafi kowa. Abu Simbel, haikalin Fir'auna Ramsis na Biyu da aka yanka aka ɗaga shi sama har mita 65 tsakanin 1964 da 1968 don kada tafkin Nasir ya haɗiye shi, ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan tafiye-tafiye. Yana kudu da Aswan da kusan kilomita 280, bayan dam, ana tashi tun ƙarfe huɗu na asuba a mota, kuma kuɗinsa daban ne. Ka ware masa yini guda. Na biyu, manyan wuraren tarihi da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin sayar da tikiti, sai kati, saboda haka ka tabbatar katinka yana aiki a waje ko ka sa kamfani ya saya maka. Ɗalibi mai katin shaidar ɗalibta da ake karɓa yana biyan rabi. Lokacin zuwa kuwa daga Oktoba zuwa Afrilu ne, ƙarshen Disamba ya fi tsada. Mutumin Sakkwato ko Agadas zai ce zafi ba baƙonsa ba ne, amma farfajiyar dutse marar inuwa a Aswan a watan Yuli, da zafi sama da digiri 40, ba wurin kai tsoho ba ce komai arahar jirgi.

Wa ya dace da wanne

In tafiyarka ta farko ce, kana tare da uwargida da yara ko da mahaifi mai shekaru, ɗauki babban jirgi, kuma ka zaɓi na dare huɗu daga Luksor, ya fi na dare uku sarari. Ka biya ɗan ƙari a ba ku ɗan jagora naku na kanku, ku riga ayari fita a Edfu, ku fara da ƙurya ku dawo farfajiya.

In ku takwas ne zuwa goma sha biyu kuma aljihu zai ɗauka, ku haɗa kuɗi ku ɗauki dahabiyya sukutum. Haka ma ango da amarya da ke son shiru.

In gine-ginen ne suka kawo ka, kana son karanta bango da ɗaukar hoto ba tare da kan mutane ba, kuma kuɗin dahabiyya ya fi ƙarfinka, ɗauki mota, ka ƙara da Dandara da Abidos, sannan ka hau faluka da la'asar a Aswan don kada ka bar Nilu ba ka hau shi ba. Wanda ya rako mara lafiya Alƙahira kuma kwana biyu ko uku kawai ya samu, shi ma nan ya dosa.

Ɗaliban Azhar da ke hutun tsakiyar shekara, ku huɗu ko shida, ku hau jirgin ƙasa zuwa Aswan, ku yi cinikin faluka ido da ido da matuƙi a bakin ruwa, ku duba jirgin da barguna da rigunan ceto kafin ku ba da kafin alƙalami, ku kuma amince tun farko a kan garin da zai sauke ku da wanda zai biya motar Edfu.